Wayar da Yaya Ta Saya Mini

Litinin, 6 ga Oktoba

An kori Mai Gwaji daga aiki yau. Ko a nan ba zan rubuta sunanta ba. Shekara goma sha ɗaya ina aikin jarida ban taɓa sa sunan majiya a takarda ba, ba kuma zan fara a wannan littafin ba.

Abin da na tabbatar: ita ke gwada ruwa a kamfanin ruwan kwalba. Ita ta nuna mini cewa wata biyar ke nan ba a yi gwaji ba, tsohon sakamako ake kwafewa a canza masa kwanan wata. Sau uku muka haɗu, duka a gidan mahaifiyarta da ke bayan shagon tela. Ban taɓa kiranta a waya ba. Ban ajiye lambarta ba.

Da yamma ta tare ni a ƙofar ofis, rungume da kwalin kayanta. Ta ce shugaban ma'aikata ya shimfiɗa mata hotuna uku a tebur. Kowanne taswira ce, da ɗigo shuɗi zaune a kan gidan mahaifiyarta. Ya ce mata, "Wannan 'yar jaridar, ɗinki take kawo wa telan layinku?"

"Ke kika ce ba wanda zai sani." Iyakar abin da ta ce da ni ke nan. Ko murya ba ta ɗaga ba.

Wayata tana cikin jakata duk sau ukun. Da ita na naɗi muryarta.

Talata, 7 ga Oktoba

Edita ya ce manhajar leƙen asiri aka dasa mini. Har da ɗan annuri a fuskarsa, yana ganin mun zama manya ke nan. Sai ya cire tabarau ya ce, "Mijin yayarki fa? Ba motocinsa ke rarraba musu ruwan ba?"

Ni na gaya masa wannan tun ranar farko, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Na sake gaya masa cewa a gida ba wanda ya san abin da nake bi. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, har da taɓa tebur.

Labarin ya tsaya. Mai Gwaji ta janye, ba ni kuma da bakin roƙonta.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na sa wayar a tukunya na rufe da murfi. Mace mai digiri biyu.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na wuni a kwamfutar ofis ina karatu a kan wayoyin da ba sa bin sawun mai su. Rabin abin da aka rubuta talla ne sanye da rigar labari. Na san ɗinkin, ba mai sayar da kaya da ke cewa kayansa na da aibu. Abin da ya rage bayan na tace kaɗan ne. Manhajoji na neman izinin sanin inda kake, mu kuma muna danna "na yarda" don mu huta. Hoto ma yana ɗauke da wurin da aka ɗauke shi. Asusun da ka shiga da shi ranar da aka buɗe wayar, shi ne uwar komai.

Wannan na ƙarshen na ja masa layi. Ba ni na buɗe tawa ba. Yaya ce ta saya mini shekara biyu da suka wuce, bayan ranar da aka tsare mu wajen ɗauko labarin zanga-zanga, ta wuni tana bin asibitoci tana nemana. Ta kawo ta a shirye, har da hotona a fuskarta.

Asabar, 11 ga Oktoba

Shagon Injiniya, hawa na biyu a kasuwar waya. Dattijo ne, gilashin ƙara gani ɗaure a goshi, masu ɗaukar hotonmu duk wurinsa suke zuwa. Ya jera mini wayoyi uku a kan kantar shagon.

Ta farko ƙarama ce mai madannai. "Wannan ba ta san komai ba, don haka ba ta da abin faɗa." Ta biyu tana da 'yan makunnai a gefe, ka ture ɗaya makirufo ya mutu, ka ture ɗaya kyamara ta makance. Nauyi kamar bulo. Ta uku waya ce irin ta kowa, amma an zare mata manhajar da ta zo da ita an sa wata wadda ba ta neman asusun kowane kamfani, kowace manhaja kuma sai ta roƙi izini kafin ta ga wani abu. Ya ce ta banki na iya ƙin aiki, ta kiran tasi ma sai an lallaɓa.

Na ce ina son wadda ba wanda zai san inda nake.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan ba a ƙera ta ba tukuna. Muddin akwai layi a ciki, kamfanin layi ya san unguwar da kike. In za ki wurin sirri, ki bar ta a gida. Kawo tsohuwar in gani, kada mu sayi maganin ciwon da ba shi ba ne."

Na ɗauka zai kwance ta. Ko sukudireba bai taɓa ba. Ya shiga taswira, ya danna wuri biyu, ya juyo mini da fuskar.

"Ba wanda ya dasa miki komai. Ƙofa ce a buɗe. Wace ce wannan?"

Hoton Yaya ne, wanda aka ɗauke ta da koren mayafi. A ƙasa an rubuta cewa tana ganin inda nake, babu ranar ƙarewa. Ni ma ina iya ganin nata, in na so.

Ya ce ya kashe? Na ce ya bari. Hujja ce, ba a taɓa hujja. Ban sayi komai ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Majiya ɗaya ba labari ba ce. Abin da aka fara koya mana ke nan, shi nake ta maimaitawa tun jiya. Cewa tana gani daban, cewa ta ba wani daban.

Ban je cin abincin rana gidan Yaya ba, karo na farko cikin watanni. Ta kira.

"Auta, na ga kina gida. Jikin ne?"

Na ga. Shekara biyu tana faɗa. "Na ga kin dawo." "Na ga kin daɗe a ofis." Ni da ake biya don in ji kalmar da minista ya tsallake, ban taɓa tambayar yayata da wane ido take gani ba. Na ɗauka irin ganin uwa ne, tun da ita ta raine ni bayan rasuwar Mama.

Na ce mura ce.

Talata, 14 ga Oktoba

Na je wurin Mai Gwaji, ba waya, littafi da biro kawai. Mahaifiyarta ta amsa sallamata da kyar, ba ta ba ni wurin zama ba. Na roƙi Mai Gwaji ta tuna hotunan, ba taswirar ba, abin da ke kewaye da ita.

Mutumin da ya saba duba abu a ƙarƙashin gilashi ba ya mantuwa. Ta ce da wata waya aka ɗauki fuskar wata wayar. Wadda aka ɗauka tana da tsaga a kusurwar hagu ta sama. Tana ajiye a kan ledar tebur mai zanen lemon tsami.

Na rubuta kamar ban sani ba. Ni na sayi ledar nan.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na je gidan Yaya. Manaja, mijin nata, ya fita da yara. Da ma na shirya tambayoyi bakwai a jere, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, yadda ake yi wa wanda ake tsoron zai tashi ya bar hira. Ban wuce ta biyu ba.

Wayarta na kan tebur, kan lemon tsamin, da tsagarta. Na ajiye tawa kusa da ita.

Ta ce don hankalinta ya kwanta ta kunna. Wannan na yarda. Ta ce ba ta gaya mini ba don ta san zan kashe. Wannan ma gaskiya ne.

Na ce, "Hotunan fa?"

Ta ci gaba da goge cokulan da ta riga ta goge. Wai a kamfanin an ji ƙishin-ƙishin ina tambayar direbobi. Manaja ya ce ta nuna masa inda nake, ta nuna. Ya ɗauka.

"Sau uku, Yaya."

"Na farko ban san dalili ba."

"Na biyu fa?"

"Na tambaye shi, ya gaya mini."

"Na ukun?"

Ta ajiye cokulan. Can ta ce ita ce ta kira shi daga ɗaki ranar, ta ce masa ga Auta can ta koma gidan.

Abin da ya biyo baya guntu-guntu nake tunawa. Cewa motocin nan su ne rufin asirin gidan. Cewa ta ɗauka gargaɗi kawai za a yi wa yarinyar. Na ce ba yarinya ba ce, 'ya'yanta biyu. Ta ce, "Ni uku gare ni, huɗu da ke." Ta ce ni ma ai ban gaya mata ina haƙa rami a ƙofar gidanta ba. Na ce ruwan da ba a gwada ba shi yaranta ke tafiya da shi makaranta. Ta ce ta daina ba su tun watan jiya.

Tun watan jiya. Wato ta yarda da labarin. Ta yarda da shi kafin Edita ma.

Ta zuba mini abinci a kwano in tafi da shi. Na bar shi a kan tebur.

Litinin, 20 ga Oktoba

Ban yi kuka ba. Na gyara rubutun mutum huɗu, na cire wa ɗaya sifa goma sha shida.

Talata, 21 ga Oktoba

Na sayi ta ukun. Mai makunnai ta burge ni, amma ba makirufo ne ya ci amanata ba. Da sabon layi. Injiniya ya ce zai kwaso mini lambobi daga tsohuwar cikin minti ɗaya, na ce a'a, da hannu zan sa su. Ya sa na zauna na buɗe ta da kaina, shi yana nuni da tsinken biro. Wuri a kashe. Hoto ba ya riƙe wuri. Manhaja biyar kacal.

Da zan fita ya ce, "Ba ki gaya mini wace ce mai koren mayafin ba."

Na ce yayata ce.

Ya sauke gilashin daga goshi ya ce yawanci haka ne. A cikin goma da ke kawo masa waya suna zargin gwamnati, tara na gida ne. Ban san ko ƙirgawa ya yi ba, don haka ba zan iya bugawa ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba

In jarida ta yi kuskure tana buga gyara, a wurin da za a gani. Na je na yi nawa a tsaye a tsakar gidan mahaifiyar Mai Gwaji. Na ce ba leƙen asiri ba ne, wayata ce, yayata ce, sakacina ne. Ban ce "amma" ba.

Mai Gwaji ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce ta zaci zan ɗora wa gwamnati. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da fayil, kwafin sakamakon wata biyar, lambobi iri ɗaya har zuwa ɗigon ƙarshe.

"Ki sa sunana. Me ya rage da zan ɓoye? Amma ba don ke ba."

Na ce na sani.

Litinin, 27 ga Oktoba

Labarin ya fito, shafin farko. Edita ya ba wani ya duba sakin layin da ya shafi masu rarrabawa, ni na nemi hakan. Hukuma ta rufe ɗakin gwajin. Motocin Manaja na tsaye. Mai Gwaji har yanzu ba ta da aiki, na kai takardunta wurare biyu.

Lamba tamanin da huɗu na sa a sabuwar wayar. Ban sa ta Yaya ba. Aikin banza, tun ina aji uku na haddace ta.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Tsohuwar tana kan teburin karatu, ba ta fita ko'ina. Ga mai kallo daga can, kwana goma ke nan ban taka ƙofar gida ba. Ba ta kira ba. Ni ma ban kira ba.

Da la'asar na ɗauko ta don in kashe abin, aikin hujja ya ƙare. Na shiga taswira. Ban taɓa duba nata ɗigon ba sai yau, kuma ba da niyya ba, yana wurin ne kawai. Ba a gidanta yake ba. Yana kan titinmu, daidai kantin maganin da ke kwanar layi. Bai motsa ba.

Na leƙa ta labule. Daga nan ba a hango kwanar.

Minti ashirin da uku. Na duba agogo ne don sabo. Sai ɗigon ya juya, ya bi babban titi a hankali, ya tsaya a mahaɗa, ya wuce. Na bi shi har ya shiga gida.

Ta san ina iya gani, ko ba ta sani ba? Ba ni da majiya ko ɗaya.

Gobe zan kashe. Batirin ya yi ƙasa, na sa ta a caji.