Zuwa Ga Maigidana, Direban A-kori-kurar Gwandu

Maigida,

Gaisuwa mai yawa da begen ganinka. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, don babu direban da ke bin hanyar inda kake balle in ba shi saƙo. Amma tun da na dawo Kalgo magana ta cika mini ciki, kuma ban da kai ba ni da wanda zan gaya wa. Shi ya sa na ari alƙalami da tawadar Baffa, mahaifina, na zauna.

Na fita takaba. Inna, mahaifiyarka, tana nan lafiya, sai dai idonta ya ƙara rauni saboda kuka. Geron da ka shuka a gonar Maruda ya yi kyau, danginka sun girbe sun zuba a rumbu. Ɗiyarka Luba ta fara tafiya, tana yi tana faɗuwa tana dariya, ba ta san abin da ya same ta ba.

Ban daina tuna yadda abin ya faro ba. Tun kafin ruwan farko kake cewa sitiyarin a-kori-kurar Alhaji Bawa yana wasa. Kullum ka dawo kafaɗunka a sage, sai na gasa maka da ruwan zafi. Ranar da na tambaye ka abin da ke damun motar, ka ɗauki karan dawa ka nuna mini. Ka ce akwai sandar ƙarfe da ta taso daga sitiyari ta gangara wajen tayoyin gaba, ita ke juya su inda direba yake so, kuma ramukan hanya sun sa ta tsage daga gindi. Abokinka Umaru bakanike ya yi mata walda, ya ce a lallaɓa ta kafin sabuwa ta zo. Alhaji ya aika Gusau, mutanen Gusau suka ce sai an ɗoro ta a jirgin ƙasa daga Ikko. Ka ajiye motar gindin darbejiya kana jira, raina ya kwanta.

Sai naƙudar matar maƙwabcinmu Malam Sani ta yi gardama, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Duk Gwandu ranar babu wata mota sai taka. Wa zai ce maka kada ka je? Ni ma da na gan ka kana ɗaura rawani, ruwan tafiya kawai na miƙa maka. Ka kai ta asibiti a Birnin Kebbi, ta sauka lafiya. Namiji ta haifa, kuma sunanka aka sa masa. Har yau ban iya ɗaukar yaron ba, Allah ya yafe mini.

Daga can ka biyo ta Kalgo ka gai da iyayena, ka ɗauki masu zuwa Gwandu. Su suka ba ni labarin sauran. Sun ce kusa da Dangoma, an yi ruwa hanya ta yi santsi, suka ji wani ƙas daga ƙasa. Sandar ce ta karye. Sitiyarin ya riƙa juyawa a hannunka kamar faifai, motar ba ta ji. Ka yi ta danna birki kana kiran na baya su dira, har suka dire duka, kai kana ciki. Motar ta zame ta gangara kwazazzabo ta daki giginya, sitiyarin ya same ka a ƙirji. Sun ce da aka fito da kai ka tambaya ko kowa ya fita, aka ce kowa, sai ka yi shahada. Ban da wani tsoho da ya goce ƙafa, babu wanda ya ji ciwo. Me ya hana ka buɗe ƙofa ka dira kamar su? Na san amsar, amma ba ta sanyaya mini rai.

Tare da gawarka aka kawo mini ƙunshin busasshen kifi da mahaifiyata ta ba ka ka kawo mini. Ko ganyen da aka naɗe shi bai yage ba.

Sabuwar sandar ta iso ranar sadakar bakwai. Ana zaman makoki aka sauke ta ƙofar gidan Alhaji, naɗe cikin buhu, da maiƙonta na sabunta. Da farko Umaru ya ce ba zai taɓa motar ba. Bayan wani lokaci ya zo zaurenmu da guntayen tsohuwar sandar a hannunsa, yana so a duba a gani ko wurin waldarsa ne ya karye. Inna ta ce ya dinga kuka kamar ba babba ba. Na aika a gaya masa ba na so in gani, kuma ba na riƙe da shi a zuciya. Gaskiya na faɗa. Da bai yi waldar ba, da matar Malam Sani ce a kabari ita da ɗanta. Daga baya ya daure ya sa sabuwar, ya miƙe ƙarfen gaba da ya lanƙwashe, ya sake gilashi. Babu direban da ya yarda ya karɓi motar, don haka shi ke tuƙa ta yanzu.

Da lokacin komawata gida ya yi, Inna ta roƙe ni in bar mata ɗanmu na fari ya riƙa ɗebe mata kewa. Yaya zan hana uwar da ta rasa kai? Na bar shi. Ya tsaya bakin zaure bai yi kuka ba, yana kallona da irin idonka, ni ce na kasa waiwaye.

Kuma ka san a wace mota na zo? Babu wata sai ita. Umaru ya sa ni a gaba, Luba a cinyata. Buzun da kake shimfiɗawa yana nan kan kujerarka. Motar ta yi ta tafiya sumul, sitiyarin ba ya ko motsi sai an juya shi. Maigida, na ji haushin lafiyarta. Ƙarfe ya karye an sake shi da wani, kai fa? Da muka zo wurin da abin ya faru, Umaru ya tsaya da kansa, ya buɗe gaban mota kamar mai duba ruwa. Na sauka na gangara. Giginyar tana nan da tabonta, mai gonar ya shuka wake har bakin kwazazzabon. Na yi maka addu'a, na daɗe a tsaye, babu fasinjan da ya ce mu tafi.

Baffa ya fara cewa har yanzu da sauran ƙuruciyata. Na gane inda ya nufa, na ce ya ba ni lokaci.

Akwai abin da kunya ta hana ni gaya maka. Kakan zolaye ni cewa ban damu da dawowarka ba, don kullum sai ka tarar da ni ina tankaɗe, ko kai ban ɗaga ba. Ba haka ba ne. Tun kana kan hanyar Dalijan nake gane kukan motarka. Sai in tashi da sauri in sa kwalli, in gyara ɗaurin kallabi, in koma in ɗauki rariya kamar ban ji ba. Me zai ragu a jikina da na fito na tarye ka ko sau ɗaya?

Motar tana zuwa Kalgo duk ranar kasuwa, ta bayan gidan Baffa take wucewa. Har yanzu in na ji ta, sai hannuna ya kai ga tandun kwalli kafin in tuna.

Allah ya jiƙan ka, ya sanyaya makwancinka, ya sada mu inda ba a rabuwa. Sai na zo.

Matarka,
Hauwa Kulu, daga Kalgo