Bakan Baba da Bunsurun Ɗanlarai

Unguwar Ɗan Iya, Bauchi.

Zuwa ga Yaya Mika'ilu a Fatakwal,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa irin ta ƙane ga wansa, tare da addu'ar Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarmu Khadijatu da yara. Allah ya ƙara buɗi, ya tsare ku, ya dawo mana da ku lafiya. Mu nan sai godiya. Inna ta samu sauƙin ƙafar nan, har ta koma zuwa kasuwa da kanta, don ta ce duk wanda ta aika sai ya sayo mata kuɓewa mai ƙashi. Ƙanwarmu Zinariya ta kai Yasin a allonta, kuma tun daga ranar ba mai iya gaya mata magana a gidan nan. Geron gonar Tirwun ya yi kyau, Allah ya kai mu girbi.

Bayan haka, Yaya, idan kana cin abinci ne takardar nan ta iso, ka ture kwanon tukuna, don abin da zan faɗa maka ba ya shiri da tuwo. Maganar bakan marigayi Baba ce. Ka tuna ranar da za ka tafi ka ɗauki bakan da kwarinsa ka damƙa wa taubashina Ɗanlarai, ɗan Goggo Kubura, da yake zaune a gidanmu. Ka ce ya yi ta gwada hannu da damina, tunda ba a shiga daji sai ciyawa ta bushe, don ya shirya kafin Baffa Hammajoda ya gwada samarin da za su bi shi farautar rani. Ni kuwa ka ce wasa ya yi mini yawa. Na haɗiye, don ba ƙarya ka yi ba.

Kai ka fi ni sanin yadda Baba yake yi idan ruwa ya sauka. Kututturen ayaba yake kafawa, ya ɗiga masa gawayi kamar bakin ludayi, ya fara harbi daga kusa, sai hannu ya zauna sannan ya ja da baya. In ya gama ya kwance tsirkiya, ya shafe bakan da man shanu, ya rataye shi a madafa inda hayaƙi zai hana shi shan danshi. Na tuna wa Ɗanlarai haka. Ya ce wai ayaba ta yara ce, shi bai taɓa ganin ayaba tana gudu a daji ba, kuma mafarauci na gaske sai idonsa ya saba da surar dabba, ya san inda zuciya take. Ya wuce mayanka ya samo ɗanyar fatar bunsuru, da kanta da ƙafafunta, ba gishiri ba shanya. Ya ɗura mata ƙaiƙayi ya ɗinke, ya kafa ta a kan sanduna a bayan gida, gindin mangwaron nan da ke jikin katangar maƙwabcinmu Irmiya. Wannan fa ana tsakiyar marka, rana ba ta leƙowa sai ta ga dama.

Gaskiya ranar farko abin ya ba da sha'awa. Ni da kaina na ɗora masa tsohuwar hulata, na raɗa masa suna Alhaji, kullum da safe in je in durƙusa in tambaye shi kwanan iyali. To ba a daɗe ba Alhaji ya fara amsawa. Ya kumbura, gashinsa ya riƙa saɓulewa, korayen ƙudaje suka yi masa rawani. Duk inda kibiya ta huda, tsutsa ce take zubowa kamar shinkafa daga yagaggen buhu, shi ya sa har yau Zinariya ba ta cin shinkafa. Ungulaye suka jeru a kan rufin ɗakinka kamar waɗanda aka gayyato walima. Inna ta ƙona turaren wutarta kaf, sai ya zamana warin da ƙamshin sun haɗu sun haifi wani abu na uku da ya fi su muni. Mama Liatu, matar Irmiya, da take suyar ƙosai a ƙofar gida, masu saye suka watse mata. Ta leƙo ta katanga ta tambayi Inna ko an yi mana rasuwa ne muka manta ba mu rufe ba. Wallahi Yaya ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ni da ake cewa ba ni da ita.

Shi kuwa gogan naka cewa ya yi mafarauci ba ya gudun wari. Na ce masa haka ne, amma ko kura tana da inda take tsayawa. Da a ce harbin ya gyaru ma da da sauƙi. Ina! Mutumin da ba ya iya shaƙar iska ina zai tsaya ya auna? Sai ya cika baki da numfashi daga nesa, ya rugo, ya ja, ya saki kafin numfashin ya ƙare, ƙudaje na shiga masa ido. Ya harbi katanga, ya harbi mangwaro, ya fasa wa Inna randa. Duk gidan nan ba wanda ya kai Alhaji zama lafiya. Na ba kajin Inna shawara su riƙa fakewa a ƙarƙashinsa. Ranar da tsautsayi ya sa kibiya ta shiga cikin Alhaji, da ya zaro ta sai ya ga kyauron ya ɗan karkace. Ka san yadda Baba yake miƙe kyauro da haƙori. To haka Ɗanlarai ya yi, da idona na gani, abin nan yana yauƙi ya kai shi baki. Da yamma ya zo ya sa hannu a kwanon tuwonmu yana tambayata me ya sa na ƙoshi da wuri.

Duk wannan da zan iya mayar da shi abin dariya, in ajiye maka har ka zo. Abin da ba ya dariyuwa shi ne na bakan. Ɗanlarai bai nemi man shanu ba, wai mai ai mai ne. Ya kankaro kitsen da ke jikin fatar nan ta ciki, ya mulke bakan da shi, har tsirkiyar. Bai kwance ta ba kuma, ya tura bakan ƙarƙashin gadonsa a ɗaure. Wanda ya shafa wa abu kitsen mushe ya ajiye a ƙasa ai ya aika wa ɓeraye goron gayyata. Tsirkiyar nan, Yaya, ita ce wadda Baba ya murɗa da fatar gada a shekararsa ta ƙarshe, lokacin hannunsa ya fara rawa. Kai ka riƙe masa ɗaya bakin, ni ina gefe ina cin gyaɗa ina ba ku umarni.

Ranar Juma'ar da ta wuce Baffa Hammajoda ya biyo daga masallaci don ya ga inda aka kwana. Tun daga zaure ya ja rawani ya rufe hanci. Bai tsaya dogon zance ba, ya ce Ɗanlarai ya ɗauko baka ya harba ya gani. Ɗanlarai ya gyara tsayuwa, ya ja har kunne, sai tsirkiyar ta tsinke daidai inda ɓeraye suka ci. Ta zabge shi a kunci, kibiyar ta faɗi a kan ɗan yatsan ƙafarsa, ya yi tsalle ya dafa mangwaro, ungulaye suka tashi gaba ɗaya. Na yi dariya har na riƙe ciki. Da na ɗago sai na ga Baffa ya sunkuya ya tsinci tsirkiyar gida biyu, yana juya ta a hannu. Inna ta juya ta shige ɗaki. Nan dariyar ta ɗauke mini, har yanzu ba ta dawo ba.

Da Baffa ya buɗe baki, cewa ya yi bakan ɗan'uwansa ba zai ƙara zama a gidan da ake shafa masa mushe ba. Zai tafi da shi Tirwun ya ba 'ya'yansa, sai fa in kai, babban ɗa, ka aiko da sunan wanda zai riƙe shi kafin a girbe gero, kuma wanda ka ambata ya harba a gabansa ya gamsu. Ɗanlarai ya fara cewa laifin ɓeraye ne, Baffa ya ce to ɓerayen ma sun fi shi sanin darajar abin, tunda su ba su bar shi a ƙarƙashin gado sun manta ba. Na roƙe shi ya bar mini bakan in wanke tukuna. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, kamar yana jiran in fashe da dariya, da ya ga ban yi ba ya miƙo mini. Na goge shi da toka da lemon tsami, na sake gogewa, na shafa masa man shanun Inna, yanzu yana rataye a ƙusarsa ta madafa. Alhaji kuwa mun kai shi makwancinsa can bayan gari, Ɗanlarai ne a gaba da tsumma a hanci, ungulaye na rakiya. Hular na bar masa, ya ci gado.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Tun farkon damina nake bin Irmiya lambunsa na bakin rafi da sassafe. Ka san ya yi farauta a garinsu kafin ya zo birni, yana da tsohon baka, shi yake ara mini. Kututturen ayaba muke kafawa da ɗigon gawayi, yadda Baba yake yi. Ba zan ce maka na zama gwani ba. Irmiya ya ce har yanzu gwiwar hannuna tana faɗuwa, kuma ina saurin saki kamar wanda ake bi da bulala. Amma samuna ya fi kuskurena yawa, kuma na fara ja da baya. In kana shakka ka aiko a tambaye shi, ba zai yi ƙarya don ni ba, ga shi har yau yana cike da gidanmu saboda ƙosan matarsa. Ya kuma yi alkawarin koya mini murɗa sabuwar tsirkiya.

Ina roƙonka ka aiko wa Baffa da sunana. Na san an ce mai hali ba ya fasa halinsa, kuma ban yi maka alkawarin daina tsokana ba, don zan karya. Amma ban taɓa yin wasa da kayan Baba ba, kai ma shaida ne. In kuma ka ga ban isa ba, ka faɗi wani, muddin dai bakan zai zauna a gidan nan. Inna kuwa, duk shigarta madafa sai ta ɗaga kai ta dubi ƙusar nan kafin ta hura wuta. Gero kuma ya fara sunkuyar da kai, ba zai jira mu ba.

Inna tana gaishe ka, tana sa muku albarka. Zinariya tana gaida yara. Goggo Kubura ta ce a gaishe ka, kuma kada ka ji maganata a kan ɗanta. Ɗanlarai ma ya ce a gaishe ka, na karɓi gaisuwar daga nesa. Ka gaida mini matarmu Khadijatu, ka ce mijinta na Bauchi yana nan yana jiran tsarabarsa. Elias direba ne zai kawo maka takardar, kuma zai juyo cikin makon, ka ba shi amsa.

Za ka ga wani ɗan ƙulli a cikin ambulan. Baffa ya bar mini tsirkiyar Baba gida biyu, na ga ya dace kowa ya riƙe rabi. Nawa na wanke shi tas na adana. Naka ban wanke ba. Ka kwance ka shinshina tukuna, sannan ka yanke hukunci.

Wassalam. Ni ne ƙanenka,
Abdulsalam.