Askin Toka

Zuwa ga Uwargida,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kin sauka lafiya, kuma Auta tana samun ƙarfin jiki. Yaya jaririn? An ce kunnuwana ya ɗauko. Ki gaya masa ya gode wa Allah, ba kowa ke samun irinsu ba.

Mu nan lafiya lau, sai zafi. In na ɗora wa mutum inji a ƙeya, gumi ke riga gashi sauka. Na san dai ba lafiyata kike son ji ba, ta kyanwarki ce. Ranar tafiyarki sau huɗu kika dawo daga bakin ƙofa kina jaddada mini amanarta, ni kuwa ko sau ɗaya ba ki ce in kula da kaina ba. To ki kwantar da hankalinki, Toka tana hannun gwani.

Shekaranjiya na gan ta a miƙe cikin wannan uban gashi nata, tausayi ya kama ni. Shekara talatin da ɗaya ina aski, a ce a gidana akwai mai fama da suma a wannan yanayi? Abin kunya ne. Na ɗauko inji na zaunar da ita. Sau uku tana yaƙushina, amma na yi mata tas, na bar mata kai da ɗan tukku a jela. Tela maƙwabcinmu ya leƙo, ya yi dariya har da riƙe ciki, wai ta koma ɓera. Hassada ce kawai. Kullum in zan tafi shago sai in ajiye mata ruwa in kulle ta a ɗakinki, kada ta fita yawo cikin rana.

Ki gaishe da Auta da maigidanta.

Naki,
Mai Aski

Zuwa ga Uwargida,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya mai jiki da ɗan jikana? Allah ya ƙara lafiya.

Kwana biyu ina juya wannan takarda. Na so in yi shiru har ki dawo, amma ban taɓa ɓoye miki komai ba, ba kuwa a kan kyanwa zan fara ba. Toka tana wajen likitan dabbobi, kuma ni na jawo.

Ranar Laraba aka ɗauke wuta, inji ya tsaya, na rufe shago na taho gida wajen ƙarfe biyu. Ina buɗe ɗakinki wani turiri ya daki fuskata. Ga ta kwance ƙarƙashin taga, baki buɗe tana haki, miyau na dalala, bayanta ya yi jajir inda rana ta same shi. Ruwan da na ajiye ya yi zafi kamar na shayi. Na kira ta, ko kai ba ta ɗaga ba.

Allah ya sa jakar aikina tana kafaɗata. Na fito da ita inuwa, na ciro kwalbar feshin da nake jiƙa wa mutane kai, na dinga fesa mata a ciki da tafin ƙafa, ina mata fifita da kwali. Tela ya ɗauke mu a babur zuwa wajen likita, tana cikin kwando.

Likitar kuwa yarinya ce, ba za ta girmi Auta ba, amma ta wanke ni tas. Ta ce gashin da na aske shi ne rigar da ke kare fatarta daga rana, kuma rufaffen ɗaki da tsakar rana ya fi waje haɗari. Ta dai ƙara da cewa feshin nan shi ya kawo ta da rai, kuma na yi dabara da ban sheƙa mata ruwan ƙanƙara ba. An sa mata ƙarin ruwa. Sai nan da kwana biyu za a san inda aka dosa.

Ki yi mini faɗa in kin ga dama, na cancanta. Amma ki fara yi mata addu'a.

Naki,
Mai Aski

Zuwa ga Uwargida,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Auta da angon ƙarni. Saƙonki ya iso, layi biyu rak, kuma na gane fushin da ke ciki.

Albishirinki! Toka ta dawo gida, ta ci kifi, har ta kai wa hannuna cizo da na zo shafa mata magani. Ban taɓa jin daɗin cizo irin wannan ba. Yanzu kofunan ruwanta uku, ina sauya su kafin su ɗumama, ga jiƙaƙƙen tawul a ƙasa in ta so kwanciya. Daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu shago a rufe yake. Masu zuwa aski sun yi ta ƙorafi, na ce gashinsu ba zai gudu ba. Jiya ma wani ya kawo mini karensa in rage masa gashi. Na zaunar da mutumin na karanta masa darasi tiryan-tiryan, sai ka ce ni ne likitan. Tela ya ce ban da kunya. Na ce masa ilimi ne, kuma da gumina na same shi.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyin. Na so in san abin da ya kusa kashe ta, sai na shiga ɗakin nan naki da ƙarfe biyu na zauna a bakin gado. Ko minti ashirin ban yi ba na fito kaina na sarawa. Kwano a bisa kai ba silin, taga ɗaya, ita ma rana take kallo. A tsakar gida na zauna ina tunani. Tun da muka tare a gidan nan da safe nake fita, sai rana ta faɗi nake dawowa. In kin ce ɗakin da zafi sai in ce ai kowa ma zafin yake sha, ni kuwa ina can ƙarƙashin fanka.

Na kira kafinta. An buga silin, an fasa taga ta biyu ta ɓangaren inuwa. Ni na riƙe masa tsani, ni na yi fenti, kuma ko ke mai neman aibu ba za ki sami inda na karkace ba. Yau a nan nake rubuta miki, iska na kaɗa labule, Toka na barci a kan filonki. Ina alfahari da aikin, ba zan ɓoye ba. Sai dai abin da na yi wa kyanwa cikin kwana uku, shekara talatin ban yi miki ba. Ki yafe mini, ki dawo ki shiga ɗakinki.

Naki har kullum,
Mai Aski