Layin Hamidu

Litinin, 9 ga Mayu

An sa ni cikin daliget. Ni Baturiya mai ƙosai, ikon Allah! Kawu Isa ne ya kai sunana, shi ne dattijon jam'iyya a nan Riruwai, shi kuma ya riƙe ni tun rasuwar Baba. Mutum biyu ke neman takarar majalisar jiha: Surajo ɗan cikin garin Doguwa, da Hamidu malamin firamarenmu. Kawu ya ce Surajo za mu yi. Na ce to.

Alhamis, 12 ga Mayu

Ashe ba akwati. Ƙato-bayan-ƙato za a yi, kowa ya tsaya a bayan gwaninsa, ido na ganin ido. Ni me ya dame ni.

Asabar, 14 ga Mayu

Hamidu ya zo gaida Kawu. Tun daga ƙofar zaure ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Na kai musu ruwa, ƙafata ta ƙi komawa ciki, na laɓe.

Hamidu ya ce kusan rabin garin nan jikokin masu haƙar kuza ne, ga Fulanin rugage, amma ba a taɓa tura ko ɗaya daga cikinsu majalisa ba. Kawu ya bari ya gama tsaf, sannan ya yi masa tambayar da ake yi wa wanda ake so a ce masa baƙo: "Yaro, ina kabarin kakanka?"

Hamidu ya ce, "Baba, ba shi da kabari. Rami ne ya rufta da shi yana haƙa. Yana cikin dutsen can da kuke gani kullum."

Can Kawu ya ce Allah ya ji ƙansa. Wallahi ni kunya ta kama, kamar ni na yi tambayar.

Lahadi, 15 ga Mayu

Na ƙona ƙosai kasko guda. Tsaki kawai nake yi.

Laraba, 18 ga Mayu

Asma'u mai kawo mana nono ta ji an ce ni daliget ce. Ta ce, "Hajiya manya! Wai mu ma ana ƙirga mu a cikin mutanen mazaɓar nan?" Na ce ranar zaɓe kam har da shanunku. Ta yi ta dariya. Ni da na yi zolayar ban ji daɗinta ba.

Ba ruwana. Kawu ne uwata, shi ne ubana. Wa ya yi min kayan ɗaki? Hamidu?

Litinin, 23 ga Mayu

Jiya aka yi zaɓen. Surajo ya ci, layinsa har ya yi kwana. Na Hamidu kuwa abin tausayi.

Rana ta take, kaina na sarawa, kuma inuwar mangwaron da ke filin tana ɓangaren Hamidu. Shi ya sa na tsaya a can. Mai ƙirga ya zo ya ƙirga da ni, ban matsa ba. Kawu yana kallona daga ɗaya layin.

Yau da safe na je na durƙusa na gaishe shi. Ya ce "Lafiya," bai ɗago kai ba. Ƙosan da na aika masa an dawo min da shi, ko murfin ba a buɗe ba. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

Amma da za a sake jera layin gobe... to, inuwar dai tana nan inda take.