Monita Biyun Da Na Sa Hannu Na Karɓa Ba Su Iso Illela Ba

Zuwa ga Shugaban Shirin Taskace Muryoyin Dattawa,
Sakkwato.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

A watan Rajab da ya wuce aka cika shekara huɗu da ranar da na sa hannu a takardarku cewa na karɓi kaya biyar, alhali huɗu aka ba ni. Sau uku ina rubuto maka ta ofis, ko amsar gaisuwa ban samu ba. Shi ya sa na fito da maganar fili.

Sunana Ummaru. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa, na yi ritaya ina hedimasta. Ina cikin mutum goma sha biyu da kuka kira Sakkwato, kuka ba mu horon kwana uku, don mu koma garuruwanmu mu ɗauki muryoyin tsofaffi tun suna raye. Ni yayana na zaɓa, Alu, masunci a Kalmalo, wanda ya gaji waƙoƙin kamun kifi da kirarin masunta daga kakanmu. Ni aka kai makaranta, shi aka bar wa taru. Ga ƙorafina, kuma ba zan ɓoye nawa laifin ba.

1. An ba ni kwamfuta, da makirufo, da ƙaramin akwatin da ake jona makirufon, da abin sauraro na sawa a kunne. Na biyar a takardar shi ne lasifika biyu na aikin ɗaukar murya, waɗanda ake kira monita. Mai ajiyar kayanku ya ce suna hanya, mu dai sa hannu a rufe fayil. Na sa. Ni da na ƙare rayuwata ina gaya wa ɗalibai kada su sa hannu a kan abin da ba su gani ba, na sa, don kada a ce tsoho ya cika mita.

2. Horon kansa. Ranar farko jawabai suka cinye ta. Ta biyu aka nuna mana kunna kwamfuta da adana aiki. Darasin monita an ajiye shi yammacin rana ta uku, sai babban baƙo ya iso da wuri, aka tashi aji, aka yi hoto, aka raba takardar shaida. Ɗan littafin da aka ba mu da Turanci yake. Ina karanta Turanci, watakila fiye da wanda ya rubuta shi, kuma babu komai a ciki game da monita sai hotonsu.

3. Na jira wata biyu. Tarin da Yaya Alu ke fama da shi yana ƙaruwa, sai na ga jira ba nawa ba ne. Ranar kasuwar Illela na je rumfar masu kayan sauti. Mai rumfar ya sa mini kiɗan biki a lasifika iri uku, na zaɓi wadda ganga ta fi dukan ƙirji a cikinta. A tunanina, wadda ta fi daɗi ita ta fi kyau. Na sayi guda biyu, na kawo su gida na jera su kafaɗa da kafaɗa a saman kabad, a ƙuryar ɗaki, jingine da bango, don kada su tare wuri.

Yaya Alu a tabarma yake zama. Ba zan hau kujera yayana yana ƙasa ba, don haka ni ma na sauko da kwamfutar ƙasa. Abin kunnen kuwa ko sau ɗaya ban sa shi ba a gabansa. Yaya za a yi babba yana magana ka toshe kunnuwanka? Da na kunna abin da muka fara ɗauka, sautin ya bi ta saman kaina, na ji shi can nesa. Akwatin yana da abin murɗawa biyu, ɗaya na ƙarfin makirufo, ɗaya na ƙarfin lasifika. Na makirufo na murɗa har ƙarshe. Daga ranar, duk lokacin da ya ɗaga murya sai wata 'yar jar wuta ta kama a jikin akwatin. Na ɗauka alama ce na'ura tana aiki sosai. Har daɗi nake ji in na gan ta.

4. Wannan shi ne wanda ya fi yi mini nauyin rubutawa. Bayan zamanmu na huɗu, Yaya Alu ya ce in sa masa ya ji kansa. Na sa. Ya saurara yana kallon ƙasa, sannan ya tambaye ni mi ya samu muryarsa, ya ce ji yake kamar ana yaga ƙyalle a cikinta. Lasifikan nan dama suna ɗan ƙara a komai, ko labaran rediyo ka sa. Sai na ce masa laifin lasifika ne, aikin yana nan lafiya a cikin kwamfuta. Da a nan na tsaya da sauƙi. Na ƙara da cewa ya bar maganar na'ura ga waɗanda suka yi karatu. Bai sake neman a sa masa ba. Amma kowace Alhamis sai ya hau bayan babur daga Kalmalo, ya zo ya zauna, ya sha ruwan ɗumi, ya yi waƙa har tari ya tsayar da shi. Wata bakwai yana zuwa. A na takwas Allah Ya karɓi abinsa.

5. Bayan arba'in ɗinsa na ɗauki kwamfutar na tsallaka iyaka zuwa Ƙonni, wurin wani magidanci mai sutudiyo, don ya gyara mini aikin in kawo muku. Monita biyun da ke gabansa ba su kai rabin lasifikana girma ba. Ya kunna ɗaya daga cikin waƙoƙin, kafin a kai baiti na biyu ya tsayar. Abin da Yaya Alu ya ji shi na ji, kuma wannan karon babu lasifikar da zan ɗora wa laifi. Mutumin ya ce ƙarfin makirufo ya wuce kima, muryar ta fashe tun wurin shiga, jar wutar nan kuwa gargaɗi take yi mini. Ya ce abin da ya fashe haka ba ya ɗinkuwa.

Ya bayyana mini cewa monita ba don daɗi ake yin ta ba, aikinta ta fito da murya yadda take, da kyanta da aibinta. Lasifikar biki kuwa ƙawata sauti take yi, ta ƙara ganga, ta binne kuskure. Ya nuna mini yadda ake ajiye su: daidai tsayin kunnen mai sauraro, ko a kujera yake ko a ƙasa, tazarar da ke tsakanin biyun daidai da tazarar kowace zuwa kansa, kowace ta ɗan karkato ta fuskance shi, a janye su daga bango, a guji ƙurya, a sa wani abu mai laushi a ƙarƙashinsu. Duk bayanin bai kai minti goma ba. Minti goman nan ne aka ba hoto da babban baƙo.

Ranka ya daɗe, ban ce kai ka murɗa abin nan ba. Hannuna ne. Ban ce kai ka gwasale yayana ba. Bakina ne, kuma da shi zan tsaya gaban Allah. Mutumin da bai san baƙi ko ɗaya ba ya ji gaskiya da kunnensa, ni mai takardu na rufe masa baki. Amma da kayan da na sa hannu a kansu sun zo, da ranar farko zan ji ɓarnar, in gyara, mu ci gaba. Kasonku ke nan, kuma ba zan ɗauke muku shi ba don kawai nawa ya fi yawa.

Abin da nake roƙo:

Na farko, a faɗa a fili inda monita na mutum goma sha biyu suka shiga. Ban ce an sace ba. Ban dai gan su ba, sauran da na tambaya su ma ba su gani ba.

Na biyu, a tura wanda ya san aiki ya zaga wurin sauran sha ɗayan, ya saurari abin da suka ɗauka. Wasunsu tsofaffinsu suna raye. Wannan ya fi komai gaggawa, kada a jira taron kwamiti.

Na uku, in za ku sake horo, a fara da darasin sauraro, da Hausa, a ɗaki irin namu mai tabarma, ba a zauren otal ba. A gaya wa mutane ma'anar jar wuta. A kuma gaya musu su nemi afuwar dattijo su sa abin kunne, zai fahimta.

Na huɗu, an ce mini a rahotonku an rubuta cewa aikin Kalmalo ya kammala. In haka ne, a goge. Ni kuma kada a aiko mini da monita yanzu, ba ni da wanda zan ɗauka.

Allah Ya yi maka jagora a aikinka, Ya haɗa ka da ma'aikata masu amana, Ya tsare ka daga irin girman kan da ya kai ni nan. Allah Ya jiƙan Yaya Alu, Ya sa ya yafe mini.

Waƙa ashirin da shida ya yi a ɗakina, da kirari tara. Na zauna da alƙalami na bi su ɗaya bayan ɗaya, uku kawai ake iya gane kalmominsu. Na zaga Kalmalo gida gida, babu wanda ya iya sauran.

Wassalam.

Malam Ummaru,
Tsohon hedimasta, Illela.