Na Biyu Daga Hagu

Litinin, 2 ga Maris, 2009

Taron ƙungiyar tarihin gari. Ni na kai kek ɗin tuffa, ni na wanke kofuna, kamar kullum. Shugabanmu Dakta Lindemuth ya shigo da hoton da za a kafa a zauren majalisar gari ranar 28 ga wata: Yarimanmu na da, ranar farauta a 1908, shi a tsakiya, sojoji uku a kowane gefe. Ya ɗora yatsa kan na biyu daga hagu, wani kyaftin mai murɗaɗɗen gashin baki, ya ce, "Kakana ke nan. Ku dubi tsayuwar, irin ta gidanmu ce." Aka yi ta tafi.

A ɗakin nan, shekara shida da suka wuce, mijina Volkmar ya ɗaga hannu zai yi gyara kan wata hular soja. Daktan nan ya ce masa, "Herr Pelzer, ku tsaya kan rage wando, ku bar tarihi ga waɗanda suka yi karatu." Ɗaki ya ɗauki dariya. Volkmar, wanda ya shekara arba'in yana ɗinka kayan sojan da ake sawa a gidan wasan kwaikwayo. Bai ƙara taka ɗakin ba har ya rasu. Ni ban fasa zuwa ba, kuma ba don kek nake zuwa ba.

Alhamis, 5 ga Maris

Dakta ya ba ni ƙaramin kwafin hoton in buga sunayen da za a manna a ƙasa. "Frau Pelzer, yadda yake a littafin mai hoto, daga hagu zuwa dama. Kar ku ƙara naku." Sunayen iyali ne kawai a jerin, babu muƙami, Lindemuth ne na biyu. Na ce to.

Juma'a, 6 ga Maris

Na ɗauko gilashin Volkmar na ƙara girma don in duba wata lambar yabo, sai idona ya faɗa kan maɓallai. Kwat ɗin namiji hagu ne ke hawa kan dama, wannan ko a mafarki na sani. Su bakwai ɗin nan duk sun ɓalle nasu irin na mata. Takubba a dama. Lambobin yabo a dama, alhali duk a hagu ake rataya su. Wanda ya wanke hoton kifa faifan gilashin da aka ɗauki hoton a kai ya yi, komai ya juye, kuma tunda Yarima na tsakiya, ko an juya yana nan inda yake, shi ya sa ba wanda ya lura.

Na kai hoton gaban madubi na ƙirga. Na biyu daga hagu na gaskiya wani siririn kurtu ne mai kunnuwa kamar hannun tukunya, riƙe da igiyar karen Yarima. Na yi dariya har sai da na zauna a ƙasa. Mai riƙon kare!

Lahadi, 8 ga Maris

Na je maƙabarta na gaya wa Volkmar. Na ce ya ƙara haƙurin kwana ashirin.

Laraba, 11 ga Maris

Maƙwabciyata Gudrun, muna feraye dankali: "Haba Irmi, ki ja Daktan gefe ki gaya masa mana, tsoho ne fa." Na ce shi a gefe ya ci mutuncin Volkmar? Ta ce na zama muguwa. Na ce ai sai yanzu na fara.

Talata, 17 ga Maris

Na hau jirgin ƙasa zuwa ɗakin adana takardu, don ba na son Dakta ya samu ƙofar tsira. Ga shi a rajistar sojoji: Lindemuth, Albin, kurtu, an kashe shi Satumba 1914. Minti goma ya ɗauke ni. Dakta guda, shekara talatin bai duba ba. Bai so ya duba ba ne.

Na sauke madubin bakin ƙofa, ya shiga jakar cefane daidai.

Asabar, 28 ga Maris

Na yi.

Zaure ya cika, ga magajin gari, ga 'yar jarida. Dakta ya yi minti arba'in yana magana kan jarumtar kyaftin. Da ya ce ko akwai tambaya, na ɗaga hannu yadda Volkmar ya ɗaga nasa.

"Herr Dakta, matar tela ce ke da tambaya. Tun yaushe hafsoshin Yarima suke rataya takobi a dama?"

Na zaro madubin na riƙe shi yana kallon hoton, na ce, "Yanzu ku sake ƙirgawa. Na biyu daga hagu." Na karanta abin da ke cikin rajista, a hankali, kalmar kurtu sau biyu na faɗe ta. Wani ya tuntsire a baya, wasu suka bi. Ba zan yi wa kundina ƙarya ba, na ji daɗi har cikin ƙashina.

Ina jira ya yi musu, na tanadi amsa uku. Bai yi ba. Ya matso ya gyara tabarau, ya daɗe yana duban madubin, fuskarsa da ta kurtun duk a ciki. Sai ya kai hannu ya kama kunnensa.

"Kunnuwan babana ne," in ji shi, ba da kowa yake ba. Ya ce babansa yana jariri aka kashe nasa uban, bai taɓa ganin fuskarsa ba, har ya mutu yana tambayar wa ya gado a kunne. Ya ce shekara talatin yana neman nasu a fuskar kyaftin, bai samu ba. Dariya ta mutu. Ni kuma ina tsaye da madubi, hannuna ya gaji.

Ya juyo. "Wa ya koya muku duba maɓalli?"

"Mai rage wando," na ce.

Ya sunkuyar da kai. Ashe bai manta ba.

Shekara shida ina dafa abin nan, ga shi ƙarshe kyauta na ba shi. Har aron madubin ya roƙa. Na dawo gida ina huci.

Alhamis, 2 ga Afrilu

Dakta ya zo da rana, ya maido madubi, ya tsaya a bakin ƙofa hula a hannu. An sake wanke hoton daidai. A ƙarƙashin sunayen ya sa an rubuta, "Gyara: Volkmar da Irmtraud Pelzer." Na ce masa wanda ya kamata ya karanta wannan yana ƙarƙashin ƙasa. Ya ce ya sani. Ban ce ya shigo ba.

Ya bar kwalin takalmi cike da hotuna. Na buɗe ne kawai don in ƙirga kurakuransa, har na samu huɗu. Talata zai dawo ya ji su, kuma zai ji su ɗaya bayan ɗaya.

Na sauko da kofin Volkmar na wanke. Ba don baƙon Talata ba, ƙura ce kawai ta yi masa yawa.