Ƙararrawar Ƙurungu

Badariya, Birnin Kebbi
Lokacin dashen albasa

Zuwa ga ƙanwata Ɗayyaba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Abdussamadu da yara, kuma zafin Lakwaja bai narkar da ku ba. Ya jikin Nazifa, haƙoran sun gama fitowa? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannuna. Na ɗauko ta zan kira ki, sai na ajiye tun ban danna ba. In na yi wannan magana da baki ihu zan yi, maƙwabta su zaci ɓarawo ya shigo. Biro ya fi ni haƙuri.

Maganar Ƙurungu ce, ɗan kwikwiyon da kika kawo wa Baba daga Zauro a cikin kwali kafin ku tashi, wanda Baba ya sa wa sunan kifi saboda gurnanin da yake yi cikin barci. Yaya Dankure ya yanke hukunci zai ba da shi ga masu babur ɗin nan da ke yawo da keji suna kwasar karnuka zuwa kudu. Kin san ba gadi ake kai su ba.

Ba zan wanke shi ba, yana da laifi. Ya tauna homar kamun kifin da Yaya ya ɓata damina guda yana saƙawa, ya mai da ita kamar tsumman goge tukunya. Ya bi shi fadama ya tone irin albasa. Agwagin Ummu Hani maƙwabciya sun daina ƙwai don tsoro. Har Yaya ya kwance ƙararrawa daga wuyan bunsuru ya ɗaura masa, wai don a riƙa jin inda yake ɓarna.

Na je gida Argungu na tarar da wannan shari'a. Hujjar Yaya ita ce girma. Ya nuna mini shi ya ce, "Malama mai littattafai, dubi wanga ƙato, ya kusa kai maraƙi. Karen Ummaru maƙwabci sa'ansa na, yana can yana tsaron rumbu. Wanga ya gama girma, halinsa ke nan har ya mutu." Na ce masa, "Yaya, kai masunci ne. Duk abin da bai zurare ta idon raga ba, a wurinka ya isa ci. To kare ba karfasa ba ne." Sai ya koma maganar najasa. Na tuna masa cewa kare na gadi da na gona ba a hana shi ba, kuma wannan a waje yake kwana, da kwanonsa daban. In yana so mu ɗauko littafi, na ce, ni ce mai su.

Da na dawo na nufi wurin likitan dabbobi da ke bayan makarantarmu, na nuna masa hoto. Ya tambayi asalinsa. Na ce uwar karyar gona ce, uban kuwa ƙaton karen Turawan nan ne na masu gadin injin casar shinkafa. Ya ce ƙananan karnuka irin namu sukan nutsu da shekara guda, wasu ma kafin nan. Manya kuwa jiki ke fara girma ya bar hankali a baya, sai shekara ɗaya da rabi, ko biyu, wani ya zarce. Mai ruwa biyu kuma babu likitan da zai rantse a kansa, don ba a san ɓangaren da ya ɗauko ba. Ya ce in dubi tafin ƙafarsa. Na duba hoton, Ɗayyaba, kamar yaro ya sa takalmin ubansa. Wata tara ne fa da shi! Abin da ya kai ƙugun mutum amma jariri ne a ciki. Na daɗe ina kallo ina tasbihi.

Ba don kare kaɗai nake wannan faɗa ba. Kin san Baba tun da yanar ido ta rufe shi, ya faɗi a hanyar gulbi, bai sake fita ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan ruwa yanzu yana wuni a gindin darbejiya, sai an yi da gaske yake amsa gaisuwa. Ranar da nake can Ƙurungu ya sace masa takalmi ɗaya ya zaga gida da shi, ƙararrawa tana ta kaɗawa, Yaya yana bin sa da muciya. Baba ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji wannan dariya tun Inna tana da rai.

Don haka na kama Yaya ta inda ba zai iya zillewa ba. Na ce ku masunta kuna rufe gurbi, zurfin ruwan nan na ƙasan gari, ba mai jefa ko ƙugiya sai Sarkin Ruwa ya buɗe, don kifi ya samu ya girma. Kifin da ba ku gani ma kuna yi masa haƙuri. Ka yi wa wannan irinsa. Ya yarda da ƙyar: ba buɗin gurbi na bana ba, na baɗi. In lokacin ya zo bai nutsu ba, ya shiga keji, ni kuma in rufe bakina.

Ki taya ni addu'a, don na yi alkawari a kan abin da likita ma ya ƙi yi. Ki gaida Abdussamadu, ki shafa mini kan yara.

Yayarki,
Kulsumi


Badariya
Tsakiyar damina

Ɗayyaba 'yar uwata,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ruwa yana sauka muku da albarka, ba da ɓarna ba. Saƙonki na man ja ya iso, Allah ya saka da alheri. Baba yana gaishe ki, jikinsa da sauƙi.

Kin tambayi Ƙurungu. In gaya miki gaskiya, da mai keji ya biyo ta ƙofar gida makon jiya, ni da kaina zan riƙe masa babur.

Na yi hutuna a Argungu. Na ajiye littafin tarihin Kabi da nake karantawa a kan tabarma na shiga alwala. Na fito na tarar sarakuna uku sun shige cikin Ƙurungu, sauran suna yawo a tsakar gida. Washegari ya faɗa jirgin Yaya ana sauke kifi, ya kifar da kwando, tarwaɗa suka koma inda suka fito. Da can in an kira shi yana zuwa. Yanzu sai ya tsaya ya dube ka ido cikin ido, ya yi tunani, ya juya ya tafi. Yaya ya dube ni ya ce, "Malama, wane shafi muke yanzu?"

Likita ya ce wannan shi ne samartaka, kuma shi ya fi wuya: ƙarfin babba, kan yaro. Na ce ai na sani, shekara nawa ina koyar da irinsu a aji, sai dai su ba sa cin littafi, ƙin buɗe shi suke yi.

Amma akwai abin da na gani, ban gaya wa kowa ba sai ke. Baba ya fara juya kai. Duk inda ƙararrawa ta yi, fuskarsa tana can. Ina zaune kusa da shi sai ya ce, "Ga shi can bakin rijiya. Yanzu ya koma wajen rumbu. Kulsumi, ashe an matsar da turken awaki?" An matsar kuwa, tun bara, ba wanda ya tuna ya gaya masa. Gidan da ya ɓace masa yana dawo masa ta wuyan wannan ɗan banza. Kuma duk haukansa, in ya zo kusa da Baba sai ya rage gudu. Kowa ya sha bangaza a gidan nan, har ni. Baba ko sau ɗaya.

Ban san ko wannan zai isa ba. Yaya ya riga ya yi magana da mai kejin, ya ce ya zo masa ranar buɗin gurbi.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Kulsumi


Argungu
Ranar buɗin gurbi

Ƙanwata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya. Yau ba zan tsawaita gaisuwa ba, ki yafe mini, labari gare ni, kuma wannan karon ba na fushi ba ne.

Na zo jiya da shirin faɗa. Na tanadi maganganu tun daga Birnin Kebbi, na jera su a mota, wasu ma na ji tausayin Yaya da zai sha su. Gaskiya kuwa hujjata ba ta da ƙarfi. An ce Ƙurungu ya rage tauna, ya daina tono, amma a watan jiya ma ya yaga buhun albasa.

Da hantsi mai keji ya iso. Garin ya cika da ganga, masunta suna ta wucewa da homa da gora. Yaya ya ɗauko igiya ya shiga neman kare. Babu shi a rumbu, babu shi a turke. Sai a lokacin muka lura gidan ya yi shiru, ba ƙararrawa. Na waiga gindin darbejiya. Tabarma tana nan, buta tana nan, babu Baba, babu sandarsa.

Ɗayyaba, kin san hanyar gulbi, kin san gangaren nan da ya faɗi, da yadda gaɓa take a tsaye kamar bango in ruwa ya janye. Ban san lokacin da na fita ba, mayafi a hannu. Yaya yana gabana yana salati, igiyar tana hannunsa bai ma sani ba.

Mun wuce gonar Ummaru sai muka ji ta. Ba irin kaɗawar da muka saba ba, ta hauka. A hankali take, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jan carbi. Muka hango su. Ƙurungu yana gaba, Baba yana bayansa da sanda, ya ɗan karkata kai yana bin sautin. Ba igiya a tsakaninsu. Karen yakan yi 'yar tafiya ya tsaya, ya waiga, sai ya ji sandar ta matso sannan ya ci gaba. Da suka kai gangaren ya bi ta gefen da ba rami. Na buɗe baki zan yi kira, Yaya ya riƙe mini hannu.

Sai ga agwagin Ummu Hani sun ratso hanya, reras, a gaban hancinsa. Na ga jikinsa duka ya ɗauki rawa, kunnuwa sun miƙe, ƙafa ɗaya ta tashi. Na ce shi ke nan. Ya bi su da ido har suka wuce, ya yi wannan gurnanin nasa, ya sauke ƙafar, ya waiga ya dubi Baba.

A bakin gaɓa ya gitta jikinsa ya zauna a gaban ƙafafun Baba. Sanda ta taɓa shi, Baba ya tsaya. A daidai nan aka buɗe ruwa, mutane suka ruga cikin gurbi da ihu. Baba ya ɗaga fuska yana shaƙar iska, hawaye yana bin gemunsa, yana kiran sunayen masu ihun da muryoyinsu.

Na karanta abin da na karanta, Ɗayyaba, ban ga inda aka rubuta wannan ba. Ba wanda ya koya masa. Wata da watanni muna gardamar yaushe ƙuruciyarsa za ta ƙare, ni da likita da Yaya, ashe ta fice ta gabanmu ba wanda ya ga fitarta. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ajiye hankali a cikin abin da muke kora da muciya, ya kuma sa masa lokacinsa.

Da muka matsa Yaya ya ce, "Baba, mi ya fito da kai?" Baba ya ce, "Kai ka ɗaura mishi ƙararrawa, ni ko na bi ta. Tun kaka muke zuwa in kun tafi fadama, ku ne dai ba ku da labari." Sannan ya ce, "An ce mini kana da baƙo mai keji." Yaya ya dubi igiyar hannunsa kamar yau ya fara ganin igiya, ya ce, "Awo, Baba. Hanya ya ɓata, yanzu zan nuna mishi ta komawa."

Maganganun da na tanada ko ɗaya ban yi amfani da ita ba, kuma kin san wannan ya yi mini ciwo. Yaya bai shiga ruwa ba yau. Yana can zaure ya ɗauko tsohuwar homar da aka tauna, ashe bai yar ba, yana warware zarenta yana tufka sabuwar igiyar ƙararrawa, wai tsohuwar ta kusa tsinkewa. Ƙafarsa ɗaya ba takalmi. Muna dawowa Ƙurungu ya raka Baba har tabarma, ya jira ya zauna, sannan ya ɗauke takalmin Yaya na dama ya yi bayan rumbu da shi. Yaya ya ce a bar shi, yaro ne.

Baba ya ce in gaya miki ya gode da kwalin nan. Ya ce in kun zo da sallah shi zai kai Nazifa ta ga gulbi.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarki mai ƙaunarki,
Kulsumi